Rariyar Daji: Yadda Zomo da Zabo Suka Sami Rigar Ɓuya

Manomi ya fita gona da sassafe a ƙasar Agiye. Yana tafe cikin kara, bai ga kome ba. Sai zomo ya zabura daga gindin sabara, dab da ƙafarsa. Zomon nan tun ɗazu yake kwance a wurin. Ido ya bi ta kansa bai gan shi ba, don gashinsa da rairayi da busasshen haki duk launinsu ɗaya.

Haka fakara take a cikin gona. Haka yautai yake. Yautai ba ya yin sheƙa. A ƙasa yake yin ƙwai, ya kwanta bisa cikin busassun ganye. Mutum zai wuce shi yana zaton guntun icce ne.

Dabbobin nan ba su da madubi. Ba su je kasuwar Gazawa sun zaɓi riga ba. To, yaya aka yi launinsu ya dace da ƙasar da suke zaune? Wannan shi ne darasin yau. Darasi ne na daji, amma ya shafi gona, ya shafi akurki, ya shafi lafiyar iyali.

ABIN DA MANOMI YA RIGA YA SANI

Da kaka, manomi mai hankali ba ya ɗibar iri da ka. Yana bin gona yana duba zangarniya. Mai tsawo, mai cikakkiyar tsaba, ita yake ajewa daban. Baɗi ita zai shuka. In ya riƙe haka shekara da shekaru, hatsinsa zai sake kama.

Makiyayi ma haka. Jar akuya ta Maraɗi ta yi suna har ƙasashen waje saboda kyan fatarta da yawan haifuwarta. Ba da kanta ta cika garke ba. Masu kiwo ne suka riƙa barin jan bunsuru yana barbara, suna fidiye sauran ko su kai su kasuwa.

Abu 3 ne suke sa zaɓen iri ya yi aiki.

Na 1: ɗiyan uwa ɗaya ba sa zama ɗaya. Wani ya fi wani haske, wani ya fi wani gudu.

Na 2: ɗa yana gadon iyayensa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na 3: ba duk abin da aka haifa ke girma har ya haifu ba. Zabuwa tana yin ƙwai goma ko fiye. Fara tana binne ƙwai masu yawa cikin ƙasa. Da dukansu suna rayuwa, da duniya ba ta ishe su ba.

A gona, manomi ne ke zaɓen wanda zai bar iri. A daji babu manomi. Akwai shaho da shirwa da mujiya da dila da muzurun daji. Akwai yunwa da fari da cuta. Su ne ke tsaye a wurin manomi.

LISSAFIN KUSU DA MUJIYA

Ga misali na lissafi. An sauƙaƙa shi don a gane.

A ce akwai kusu 100, wato ɓerayen daji, a bisa wata jigawa. 50 suna da launin rairayi, 50 suna da duhun gashi. Mujiya tana farauta da farin wata. Wanda ta fi gani, shi ta fi kamawa.

Shekara ta ƙare. Cikin masu launin rairayi 30 sun tsira. Cikin masu duhu 10 kaɗai suka tsira. Waɗannan 40 su ne za su haifu. In ɗiyansu suka gaje su, garke ya koma 100, za a sami masu launin rairayi 75, masu duhu 25.

Shekara ta 2, mujiya ta yi aikinta kamar bara. Cikin 75, 45 sun tsira. Cikin 25, 5 sun tsira. Da suka haifu, sai a sami 90 da 10.

Shekara ta 3, masu launin rairayi sun kai wajen 96, masu duhu sun koma 4.

A lura da kyau. Babu kusu ko ɗaya da ya sake gashinsa. Mai duhu da duhunsa ya mutu. Mai haske da haskensa ya tsufa. Abin da ya sake shi ne garken. Mujiya ba ta yi nufin gyara kusu ba, cikinta take nema. Amma yau da gobe aikinta ya zama kamar na rariya. Rariya ba ta yin gari. Abin da aka zuba mata take rabawa: wani ya wuce, wani ya tsaya.

In aka koma fadama, kamar baƙar lakar Gulbin Maraɗi wajen Gidan Runji, lissafin sai ya juya. A can mai haske ne zai fito fili, mai duhu ya ɓuya. Ke nan babu launin da ya fi wani a ko'ina. Wuri ne ke faɗin wanda ya dace.

Masana suna kiran wannan abu zaɓen halitta. Wasu Turawan Ingila biyu, Darwin da Walas, su ne suka bayyana shi a 1858. Darwin ya fitar da littafinsa a kai a 1859. Da zancen masu kiwo ya buɗe littafin, musamman masu kiwon tantabaru. Shi kansa ya yi kiwonsu don ya ga yadda zaɓen iri ke aiki.

AN GA HAKA DA IDO?

An gani, kuma an ƙidaya.

A 2017 wasu masu bincike sun ba da sakamakon aikinsu bisa kusan rairayi na Sahara da Sahel. Sun gwada launin gashinsu da launin ƙasar da aka kama su. Suka tarar gashin yana bin ƙasar: inda ƙasa ke da haske, kusu na da haske, inda take da duhu, shi ma haka.

A ƙasar Zambiya an bi yautai da wasu tsuntsaye masu yin ƙwai a ƙasa. An ɗauki hotonsu, an koma ana duba waɗanda ƙwansu ya tsira. Sakamakon ya fito a 2016. Yautan da zanen gashinsa ya fi sajewa da wurin da yake kwanci, ƙwansa ya fi tsira daga maciya.

Amma labarin da ya fi shahara na wani ƙwaro ne a Ingila. Faɗa-wuta ne, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi mai yawon dare. Da rana yana manne a jikin icce yana barci. Fari ne mai ɗigo-ɗigon baƙi. Itatuwan ƙasar suna da wani farin tsiro da ke manne a ɓawonsu, sai ƙwaron ya saje da shi, tsuntsu ya wuce.

Sai aka kafa masana'antu masu ƙona gawayin ƙasa, irin wanda ake haƙowa a Anu Araren cikin jahar Agadas. Hayaƙi ya kashe farin tsiron. Kunkunniya ta rufe itatuwa suka yi baƙi ƙirin. A 1848 aka kama baƙin ƙwaron a birnin Mancesta. A lokacin abin mamaki ne, don ba a saba ganinsa ba. Kafin 1895, cikin 100 na ƙwarin birnin, wajen 98 baƙaƙe ne. Farare sun fito fili a bisa baƙin icce, tsuntsaye sun tsince su.

A 1956 gwamnatin Ingila ta kafa dokar rage hayaƙi. Sannu a hankali itatuwa suka washe. Sai rariya ta juya. Baƙin ƙwaron ya yi ta raguwa, har ya koma abin nema. Wani malami na jami'ar Kambirij mai suna Majerus ya saki ƙwarin nan fiye da 4800 a lambunsa cikin shekara 6, yana kallon waɗanda tsuntsaye ke ci. Sakamakon ya fito a 2012: baƙaƙen aka fi ci. A 2016 kuma masana suka gano ainihin wurin da baƙin yake cikin ƙwayar gadon ƙwaron. Bisa lissafinsu, wajen 1819 ya fara bayyana.

Hayaƙi bai rina ƙwaron ba. Baƙin ya fito ne cikin haifuwa, kamar yadda akan sami farin ɗan akuya cikin jan garke. Hayaƙi ƙasa ya sake. Tsuntsaye suka yi sauran aikin.

ZABON GIDA DA ZABON DAJI

Hausawa sun ce kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta. Zanen nan ba ado ba ne kaɗai. In zabo ya laɓe a inuwar kalgo, rana tana ratsowa ta tsakanin ganye ɗigo-ɗigo. Ɗigon rana da ɗigon zabo sai su gauraye. Ɗiyan zabi kuwa ana ƙyanƙyashe su da ratsi-ratsi ruwan ƙasa, kamar busasshen haki.

Zabin daji kusan duk kamarsu ɗaya. Amma a gida akwai farin zabo, akwai toka-toka, akwai mai farin ƙirji. Me ya kawo haka? Asalinsu ɗaya. A daji ma akan haifi fari jefi-jefi, amma da wuya ya daɗe har ya bar iri. A gida akwai danga, akwai akurki, akwai yara masu kora. Mutum ya ɗauke rariya, sai kowane launi ya sami zama.

Duk da haka shirwa ba ta daina shawagi bisa gari ba. Mata masu kiwon kaji da yawa sun lura farin ɗan tsako ta fi saurin gani a tsakar gida. Mai son fararen kaji sai ya biya kuɗin tsaro: a kife ƴan tsaki da kwando ko a tsare su a akurki makonnin farko, a bar musu wurin laɓewa kusa.

FARA DA HAWAINIYA

A nan sai an yi hattara, don akwai dabbobin da ke sake launi da ransu.

Hawainiya ita ce kowa ya sani. Mutane sun ɗauka duk abin da ta hau sai ta koma kamarsa. Masana sun tarar zafi da sanyi da hasken rana da fushi su ne suka fi sa ta rikiɗa. Launinta na kullum shi ne ke ɓoye ta cikin ganye.

Akwai kuma ƙaramar farar nan mai cin gero tun yana tsiro har ya yi tsaba, wadda masana ke kira farar Senegal. Ta yi ɓarna mai yawa a ƙasashen Sahel a 1974 da 1975, ta sake yi a 1985 da 1986. Tana zuwa kala biyu: kore da ruwan ƙasa. In haki yana ɗanye, koraye sun fi yawa. In ya bushe, masu ruwan ƙasa sun fi yawa. Wasu fari kuma in suka tashi a wurin da gobara ta ci, sai su yi baƙi kamar toka.

Wannan ba irin na kusu ba ne. A nan jikin farar ne ke bin damshi da launin wuri yayin da take girma tana sake fata. Amma ita wannan dabarar gadonta ta yi. Kakanninta da suka iya bin launin wuri sun tsira daga shamuwa da balbela da cilakowa. Waɗanda ba su iya ba sun shiga ciki. Rariyar dai ita ce.

Ba kowa ne ke tsira da ɓuya ba. Farar tumfafiya tana zaune fili da launinta mai ɗaukar ido. Tana cin ganyen tumfafiya mai dafi, jikinta ya ɗauki dafin. Tsuntsun da ya taɓa ta sau ɗaya ba ya marmarin ya koma. Launinta gargaɗi ne. Farin ɗango kuwa, waɗanda suka sauka Nijar a 1988 da 2004, suna da riga biyu. Ɗan farar da ya tashi shi kaɗai kore ne, yana ɓuya. In suka yi cunkoso suka zama runduna, sai su koma rawaya da baƙi, su fito fili.

RARIYA A HANNUN MUTUM

Mutum ma yana tankaɗe, ko da bai sani ba.

Kowane manomin gero ya san shibra. Tana fitowa ne in geron gona ya yi barbara da geron daji. Tun tana ƙarama kamarta ɗaya da hatsi. In ta nuna, tsabarta tana kakkaɓewa ƙasa tun kafin girbi, baɗi ta tsiro da kanta. Lokacin noma da ragin hatsi, manomi yana cire wadda ya gane. Wadda ta fi kama da gero ita ke kuɓuta ta zuba iri. Ke nan idon manomi ya zama mujiya, shibra ta zama kusu. Gaskiya ne shibra tana da ranarta, don tana riga hatsi nuna, tana fid da iyali daga yunwar tsakiyar damana. Amma in ta shiga cikin iri, rumbu ne ke raguwa.

Sauro ma haka. Shi ba da launi yake tsira ba, da ƙarfin jiki ne. A ƙarshen 2005 da farkon 2006 an raba gidajen sauro masu magani a faɗin Nijar. Masu bincike sun bi sauro kafin rabon da bayansa. Suka tarar masu gadon jure maganin sun ƙaru. Magani ya kashe marasa ƙarfi, masu jurewa suka haifu. Wannan bai sa a bar gidan sauro ba. Har yanzu yana tare cizo yana ceton yara. Abin da ya sa ke nan ake ƙera sababbi masu haɗin magani iri biyu.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ita ma ta bi hanyar nan. Nibakin ya daɗe yana aiki, daga baya ya daina kashe ta yadda ya kamata, har hukumar lafiya ta sake magani a 2005. Ƙwarin gona ma haka suke yi da maganin feshi in aka riƙe iri ɗaya kullum.

RIGA BA TA AIKI SAI DA MAƁOYA

Zanen zabo yana aiki ne in akwai inuwa. Gashin zomo yana aiki ne in akwai haki da sabara. A fili fetal, mai zane da maras zane duk ɗaya suke a idon shaho.

Ƙasar Agiye ta ga haka. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun haɗe, an sare daji. Farin 1973 da na 1984 suka ƙara tsiraita ƙasa. Namun daji suka yi ƙaranci. Kusu na iya bin sakewar ƙasa don yana haifuwa da sauri. Dabbar da ke haifuwa a hankali, in ƙasa ta sake da gaggawa, kafin irinta ya dace ta ƙare.

Daga tsakiyar shekarun 1980 manoman jahar Maraɗi suka kama sassaben zamani. Maimakon a tumɓuke kututture, sai a bar masa reshe biyu ko uku, a gyara su su zama icce. Garin Ɗan Saga na ƙasar Agiye ya yi suna a wannan aiki, har baƙi suna zuwa daga nesa su gani. Masana sun ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo bisa hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gawo da kalgo da sabara da aduwa cikin gonaki, kaba a Gulbin Kaba, da dazuzzukan hukuma kamar na Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado, duk maɓoya ce. Inda icce ya dawo, tsuntsu yana samun wurin sauka. Tsuntsun nan shi ne ke tsince fara a gona ba tare da an biya shi ba.

ABIN DA YA KAMATA A RIƘE

A zaɓi iri tun a gona, daga zangarniya masu kyau, nesa da inda shibra ta yi yawa.

Kada a yi feshi sai da dalili. A nemi shawarar ma'aikatan gona. A bi awon da aka faɗa, kada a rage, kada a ƙara. Kada a riƙe magani iri ɗaya shekara da shekaru.

Kada a kama fara a gonar da aka yi wa feshi, ko don ci ko don saidawa.

Maganin da likita ya ba da, a sha shi har ya ƙare, ko da jiki ya yi sauƙi.

A bar shamuwa da balbela da mujiya su yi aikinsu. Mujiya kusu take ci, kusu kuwa shi ke tone shuka.

Kada a kwashe ƙwan zabin daji duka. Kada a sa wa daji wuta.

GWAJI DON MAKARANTAR MANYA

A yanka busasshen haki guntu-guntu har 100. A shafa wa 50 gawayi, a bar 50 yadda suke. A watsa su bisa rairayi. Mutum ɗaya ya zama mujiya: ya yi ta tsinta, wani yana ƙirga masa daga 1 zuwa 20. A ƙidaya abin da ya tsinta, baƙi nawa, fari nawa. A rubuta a allo. Sa'an nan a sake gwajin a wurin da aka ƙone sassabe. A gwada lissafin biyu.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abu 3 ne suke sa zaɓen iri ya yi aiki?

2. A lissafin kusu, wa ya sake: kusu ɗaya ɗaya ko garke?

3. Me ya sa baƙin ƙwaron Ingila ya yawaita, me ya sa ya ragu daga baya?

4. Me ya sa farin zabo ya fi yawa a gida bisa daji?

5. A tambayi tsofaffin gari: waɗanne namun daji ne suka sani da ƙuruciya da ba a gani yanzu? Waɗanne ne suka fara dawowa? A rubuta sunayensu, a karanta a aji.